Wa Zai Kai Inna Asibiti?

Ƙiyasin da cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, ta fitar ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai mata kimanin miliyan 2.3 ne aka samu da sankarar nono a faɗin duniya, kuma kimanin 670,000 ne ciwon ya yi ajalinsu. A Nijeriya kuwa, a wannan shekarar, sama da mata 32,000 ne suka kamu, sama da 16,000 suka rasu. Idan aka raba wannan adadi a kan kwanakin shekara, ya kama sama da mace 40 ke nan a kowace rana ta Allah. Da a ce motocin haya ne guda biyu ke kifewa kullum a hanyar Kaduna zuwa Zariya, kowa a ciki ya mutu, da tuni gari ya ɗauka, ana ta Allah wadai da mahukunta. To amma da yake waɗannan bayin Allah a ƙuryar ɗaki suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ana ta turara ɗakin don kada a ji warin miki, ba mai jin labarinsu sai ranar da aka ce a fito jana'iza.

Mai yiwuwa ɗan'uwa ya ce ina ruwan samari da wannan magana, ai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Haka Bahaushe ya ce, amma a gidan Bahaushen nan ba kasafai mace ke riƙe da kuɗin mota da na kati ba, kuma ba ita ke ba kanta izinin fita ba. Miji ne, ko wa, ko ɗa. Sannan kowa ya san irin kunyar da ke tsakanin uwa da ɗanta, balle ɗan fari wanda ko sunansa ba ta kamawa. Irin wannan uwa tana iya shekara guda cur tana jin ƙullutu a ƙirjinta ba ta buɗe baki ba, sai dai a ga tana ramewa, in an tambaye ta ta ce zazzaɓi ne. Saurayin da bai san abin da masana suka gano game da wannan ciwo ba, ba zai ma san tambayar da zai aika ƙanwarsa ko matarsa ta yi mata ba.

Asalin ɗaukar hoton cikin jiki a ƙasar Jamus ne, inda wani masani mai suna Rontgen ya gano a 1895 wani irin haske da ke ratsa tsoka ya fito da ƙashi, wato abin da ake kira eksire. A 1913 wani likitan fiɗa a Balin, Albert Salomon, ya haska nonuwa kimanin 3,000 waɗanda aka riga aka yanke wa marasa lafiya, ya nuna cewa sankara tana da kamannin da ake iya ganewa a hoto. Daga nan aka yi ta gyaran na'urar har aka samu abin da yau ake kira mamogiram. Yadda ake yi shi ne a matse nonon a tsakanin faranti biyu na ɗan lokaci, a haska shi da haske kaɗan, yawanci hoto biyu a kowane ɓangare. Akwai rashin daɗi, amma na daƙiƙoƙi ne. Amfaninsa shi ne yana iya nuna ƙullutun da hannu bai isa ya ji ba, har ma da wasu ɗigo-ɗigo farare kamar garin alli waɗanda kan zama alamar farko.

Masanan ba su tsaya a kan cewa na'urar tana gani ba. Tambayar da suka yi ita ce, shin ganin nan yana hana mutuwa? A 1963 aka fara gwaji a birnin Niyu Yok da mata kimanin 62,000, aka raba su gida biyu, ana kiran kashi ɗaya hoto da dubawar likita duk shekara, ɗaya kashin kuwa aka bar su yadda suka saba. Bayan wasu shekaru sai aka ga mace-mace daga wannan ciwo sun ragu da kimanin kashi 30 cikin 100 a wajen waɗanda ake kira. A ƙasar Suwidin aka sake wani gwajin tun daga 1977 da mata sama da 130,000, sakamakon da ya fito a 1985 ya zo kusan daidai da na farkon. A kan haka ne Birtaniya ta fara kiran matanta masu shekara 50 zuwa 64 a 1988, ana ɗaukarsu hoto kyauta duk bayan shekara uku, lafiyarsu ƙalau, ba tare da sun ji komai a jikinsu ba. A 2024 kwamitin da ke ba gwamnatin Amurka shawara kan rigakafi ya ce a fara tun daga shekara 40, duk bayan shekara biyu.

Adalci shi ne a faɗi aibin abin kamar yadda aka faɗi amfaninsa. Kwamitin Farfesa Michael Marmot da ya sake auna shirin Birtaniya a 2012 ya ce shirin yana ceton rayuka kimanin 1,300 a shekara, amma kuma yana sa a yi wa mata kimanin 4,000 maganin sankarar da, da an bar ta, ba za ta taɓa cutar da su ba har ƙarshen rayuwarsu. Matsala ta biyu ita ce ta nono mai tauri, irin na mata masu ƙuruciya. A hoton, kitse baƙi-baƙi yake fitowa, amma tsokar da ke yin ruwan nono fara ce, sankara ita ma fara ce, sai abin ya zama kamar neman ƙwayar shinkafa a cikin tarin auduga. Wannan ya sa aka koma ga wasu na'urorin. A Japan, binciken da aka buga a 2016 kan mata kimanin 73,000 masu shekara 40 zuwa 49 ya nuna cewa in an haɗa mamogiram da sikanin, wato danginsa ɗaya da wanda ake yi wa masu juna biyu, ana kama sankarar da ta fi wadda mamogiram kaɗai ke kamawa, ko da yake ana ƙara tayar wa masu lafiya hankali a banza. A Holan kuma a 2019 an nuna cewa ƙara hoton na'urar maganaɗisu ga masu nono mai tauri sosai ya rage da rabi yawan sankarar da ke ɓullowa a tsakanin hoto da hoto. Har kwamfuta an koya wa karanta hoton: a gwajin da aka yi a Suwidin da mata kimanin 80,000, wanda aka buga a 2023, ta rage wa likitoci aikin karatu da kashi 44 cikin 100, kuma adadin sankarar da aka gano bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi.

To, wannan duk muhawara ce ta waɗanda suka ƙoshi. Su suna jayayya a kan yadda za a ga ƙullutun da bai kai ƙwayar wake ba, alhali a nan ana kai mace asibiti ne bayan ƙullutun ya kai lemo, ko ya fashe yana zubar da ruwa. Wata masaniya 'yar Nijeriya, Elima Jedy-Agba, da abokan aikinta sun tattara bincike-binciken ƙasashen Afirka kudu da hamadar Sahara a 2016, suka samu cewa kimanin kashi 77 cikin 100 na baƙaƙen mata masu wannan ciwo sai a mataki na uku ko na huɗu ake gano shi, wato bayan ya yi nisa. Wani binciken da aka buga a 2020, wanda ya bi marasa lafiya a ƙasashe biyar, ya samu cewa bayan shekara uku da gano ciwon, kashi 36 cikin 100 ne kaɗai ke raye daga cikin matan Nijeriya da aka bi, alhali a cikin fararen matan Namibiya kashi 90 ne. Ciwon iri ɗaya ne, nahiyar ɗaya ce. Ranar zuwa asibiti da kuɗin ƙarasa magani su ne suka fi raba su.

Binciken da ya fi dacewa da halin talaka shi ne na birnin Mumbai a Indiya. Likitocin asibitin Tata sun ɗauki mata masu ilimin sakandare kawai, suka koya masu duba nono da hannu, suka tura su unguwannin talakawa suna duba mata lokaci-lokaci. An bi mata sama da 150,000 har tsawon shekara 20. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna ana gano ciwon da wuri fiye da da, kuma a wajen masu shekara 50 zuwa sama mace-macen sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Babu na'ura, babu wutar lantarki, sai hannun da aka horar da kuma hanyar tura wadda aka ji wani abu a jikinta zuwa asibiti. Duk unguwar da ke da makarantar Islamiyya ta matan aure tana da 'yan'uwa mata masu ilimin da ya kai na waɗancan.

Abin da ɗan'uwa zai riƙe ba shi da wuya. Ƙullutu a nono ko a hammata, ko fatar wurin ta lotsa ko ta yi kama da ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ko jini ya riƙa fita daga gare shi, ko mikin da ya ƙi warkewa, duk waɗannan ba a kwana da su ana jiran gani. Rashin zafi ba hujja ba ce, domin sankara a farkonta galibi ba ta ciwo, kuma wannan shi ne abin da ya fi yaudarar mutane. Mafi yawan ƙullutai ma ba sankara ba ne, amma ido ba ya rarrabewa. Likita zai duba da hannu, ya tura hoto, sikanin ko mamogiram gwargwadon shekarun mai ciwo, sannan a sa allura a ɗebo ɗan yanki a duba shi a ɗakin gwaji. A nan ne ake yawan tserewa, saboda camfin nan da ya yaɗu cewa wai daji ba ya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi sai ya bazu. Wannan magana ba ta da tushe. Dalilin da ya sa ta samu gindin zama shi ne, ana kai mace ne bayan ciwon ya riga ya bazu cikin huhu da ƙashi, in ta rasu bayan allurar sai a ɗora wa allura laifin watannin da aka ɓata ana shafe-shafe da tsaga a wurin mai magani. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2021, ta sa ma'aunin kwana 60: daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti da ƙorafi, a gama hoto da gwaji a san abin da ke damunta cikin wata biyu. Maza ma suna kamuwa, kimanin ɗaya cikin ɗari na masu ciwon ko ƙasa da haka.

Sai batun tsiraici, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga iyaye mata masu kamun kai, kuma bai kamata a yi masu dariya a kansa ba. Haƙƙinsu ne a nemi mace ta duba su, kuma a manyan asibitocin koyarwa irin na Kano, da Shika, da Sakkwato, da Maiduguri ana iya neman haka. Inda kuwa ba a samu ba, malamai sun daɗe da bayyana hukuncin lalura a wajen neman magani, kuma neman magani bai taɓa kore tawakkali ba. Abin mamaki shi ne a samu mutum ya hana ƙanwarsa karatun aikin jinya ko na ɗaukar hoton asibiti, gobe kuma shi ne mai ƙorafin cewa namiji ya duba mahaifiyarsa. Su kuwa mahukunta, su ne suka sa hannu a Abuja a 2001 cewa za a ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, har yau gwamnatin tarayya ba ta kai ko kusa ba, don sun san in nasu ne ya ji ƙullutu, jirgi zai hau zuwa Landan ko Alƙahira.

Ciwo na biyu da ke cin iyaye a ɓoye ya sha bamban da na farko, domin shi ba a samo maganin da ke warkar da shi ba. Shi ne abin da ake kira gigin tsufa. Mutane sun ɗauka duk wanda ya tsufa sai ya yi shi, alhali kuwa ciwo ne da ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a hankali, kuma tsofaffi da yawa suna kaiwa shekara 90 da hankalinsu garau. Likita Alzaima na Jamus ne ya fara bayanin nau'insa mafi yawa a 1906, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ya fara gani a asibitin Farankfot tana da shekara 51 kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da shi, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Binciken da likitocin Ibadan irin su Farfesa Osuntokun da Farfesa Ogunniyi suka fara da takwarorinsu na Indiyanafolis a 1992 ya samu cewa tsofaffin Yarbawa suna kamuwa ƙasa da rabin yadda baƙaƙen Amurka ke kamuwa, amma dai suna kamuwa. Maganin da Amurka ta amince da shi a 2023 ya rage saurin lalacewar ne da kashi 27 cikin 100 a wata 18, kuma farashin da aka sa masa dala 26,500 ne a shekara. Wannan ba zancen talaka ba ne.

Da yake warkewa ta gagara, sai wasu masana suka juya tambayar: yaya mai ciwon yake jin rayuwarsa, kuma me ke sa ta yi masa daɗi? A 1999 Rebecca Logsdon a Amurka ta tsara tambayoyi 13 da ake yi wa mai ciwon shi kansa, kan lafiyarsa, da iyalinsa, da abokansa, da abin da yake iya yi. Abin da aka yi ta gani a bincike daban-daban shi ne, masu ciwon da bai yi tsanani ba suna iya ba da amsa mai ma'ana, kuma sukan ga rayuwarsu da kyau fiye da yadda masu jinyarsu ke ganinta. Masana a Jami'ar Eksita sun tattara bincike 198 a 2018, suka samu cewa zaman lafiya da mutanen gida, da cuɗanya da jama'a, da iya yi wa kai wasu ayyuka, da rashin baƙin ciki, sun fi alaƙa da jin daɗin mai ciwon fiye da yawan abin da ya manta. A Jami'ar Ayowa kuma a 2014 an nuna wa masu ciwon wasu majigi na ban dariya da na ban tausayi. Bayan ɗan lokaci da yawansu sun manta abin da suka kalla, amma farin cikin ko ɓacin ran yana nan tare da su. Saurayin da ke cewa ina amfanin shiga gaishe da Kaka tunda ba ta gane kowa, ya dubi wannan da kyau. Za ta manta wanda ya shigo, amma daɗin gaisuwar zai zauna. Haka nan tsawar da aka daka mata.

A Landan a 2003 an gwada zaman hira na rukuni, sau 14 cikin mako bakwai, inda ake tuno da, ana taɓa kayan da aka saba da su, ana lissafin kuɗi da hirar abinci, aka ga tunani da jin daɗin masu zuwa sun ƙaru. Daga baya an daidaita tsarin aka gwada shi a Tanzaniya da kuma kusa da Ibadan. In an duba, babu abin da ke ciki wanda gidan Bahaushe bai da shi. A bar tsohuwa ta tsince wake, ta ɓare gyaɗa, ta riƙe jika, a tambaye ta labarin garinsu. Abin da aka haddace tun ƙuruciya shi ke jimawa bai goge ba, shi ya sa za a ga wadda ta manta ta ci abinci tana biya surorin da ta koya a makarantar allo. Kada a riƙa yi mata jarrabawa da su "Inna, wane ne ni?" Kada a yi musu da ita in ta nemi mijinta da ya rasu shekara 20 da suka wuce, domin duk sanda aka ce mata ya mutu, sabon mutuwa aka yi mata. In ta juya sallah ko ta manta raka'a, ba abin faɗa ba ne, malamai ba su saɓa ba a kan cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifi. In ta ce an sace mata kuɗi, alhali ita ta tura su ƙarƙashin katifa ta manta, wannan sananniyar alama ce ta ciwon, kuma aure nawa ne ya mutu saboda miji ya gaskata cewa matarsa ce ɓarauniya. Mafi muni shi ne a ji tsohuwa tana sambatu da dare, ko an tsince ta a wata unguwa ta ɓata hanya, a ce mayya ce.

Akwai abin da ke bukatar likita ko a nan. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu ba gigin tsufa ba ce, sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko sukari, kuma ana warkewa in an yi hanzari. Sayen ƙwayar barci ko maganin masu taɓin hankali a kemis don a kwantar da tsohuwa kuwa hatsari ne: rahoton da aka yi wa gwamnatin Birtaniya a 2009 ya ƙiyasta cewa irin waɗannan magunguna na taɓin hankali suna jawo ƙarin mutuwar masu ciwon kimanin 1,800 a shekara a can, inda likita ne ma ke rubutawa. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda ya ce in an magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon, cikinsu har da hawan jini, da sukari, da shan taba, da raunin ji, da raunin gani, da kaɗaici, da buguwar kai irin wadda ɗan acaɓa marar hular kwano ke samu. Awon jini da tabarau da cire yanar ido duk suna cikin abin da ɗa zai iya yi wa uwarsa kafin a kai ga nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyar masu wannan ciwo mata ne ke yin su. A gidajen nan ma haka ne: ɗa ya ajiye cefane ya fita, ya bar matarsa ko ƙanwarsa da wanka da wankin ƙazanta da rashin barci, sannan ya dawo yana tuhumarta da rashin haƙuri. In ya karɓe ta kwana biyu a mako, ya zauna da mahaifiyarsa bayan Isha'i don ita ta runtsa, zai san nauyin abin. Kuma ita wannan mai yi wa tsohuwa wanka ita kaɗai ce ke ganin jikinta. Tsufa shi ne babban abin da ke ƙara hatsarin sankarar nono, tsohuwar da gigi ya kama kuwa ba za ta iya cewa ta ji ƙullutu ba, ko ta ji za ta manta. Sai ɗan'uwa ya sanar da mai wankan alamomin nan da aka ambata, ya ce mata duk ranar da ta ga ɗaya daga ciki ta faɗa masa a ranar, shi kuma ya tanadi kuɗin mota da na kati kafin ranar ta zo.